Abin da Ya Kai Mu Bayan Dutse

Ummi, ba tsufa ya sa na zauna rubuta wannan ba. Masu ba da tarihin rayuwarsu sukan jira furfura, ni kuwa ko talatin ban kai ba. Amma a Manfuha, unguwarmu ta nan Riyad, labari ba ya jiran mai shi. Kafin ki yi wayo sosai wata za ta riga ni gaya miki cewa uwarki ta taɓa barin kakarki a kan dutse a tsakiyar teku, ta kuma shiga ruwa da ke a wuya saboda son yawo. A kan wannan magana saura ƙiris a raba ni da ke. Don haka na bar labarin haihuwata da makarantun da na yi zuwa wani lokaci, na fara da wannan shekarar, tunda ita ce ta fi nauyi.

Ni 'yar Jibiya ce, babanki kuwa mutumin wani ƙauye ne kusa da Maraɗi. Ƙasa biyu, amma gulbi ɗaya ne ya ratsa mu. Ki riƙe wannan, domin duk abin da ya faru daga nan ya taso. Gulbinmu da damina yakan cika ya ci mutum, da rani kuwa rairayi ne fari fat, a kansa muke ratsawa zuwa kasuwa, a cikinsa muke tona rami mu ɗebi ruwan wanki. Kowane yaro ya san ƙa'idarsa: ruwan da ya tafi da kaka ba ya dawowa sai an ga hadari a gabas. In sama tana garau, ki shimfiɗa tabarma a tsakiyar gulbi ki yi barci, babu abin da zai same ki. Da wannan sanin na girma, da shi kakarki ta tsufa.

Babanki direba ne a kasuwar kayan gwari ta Aziziya, yana jan motar kafilinsa, wato Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa. Tun kafin gari ya waye yake fita, ba ya dawowa sai la'asar ta yi sanyi, jikinsa duk ƙanshin albasa da lemo. Ɗaki biyu muke da su a wani tsohon bene. Kina shekara uku Inna, kakarki, ta zo mana da bizar ziyara, don a duba mata gwiwa da ciwon suga a asibitin Shumaisi. Sunanta aka sa miki, shi ya sa muke ce miki Ummi, ita kuwa takwara take kiranki. Babanki ɗan farinta ne, kuma Inna irin mutanen da ne da ba su sassauta kunya ba. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ba ta cin abinci yana wurin. In tana son ya sayo mata goro, yana zaune a gabanta za ta juyo gare ni.

"Ɗiyata, ki gaya wa mutumin nan goron jiya daushe ne, ko akuya ba ta ci."

Shi kuma ya dubi bango ya ce, "Rakiya, ki ce mata nan ba Maraɗi ba ne, wanda aka samu ke nan."

Ni ce gadar da ke tsakaninsu, kuma ban ƙi ba. A garin da ba ni da uwa ba ni da 'yar'uwa, zuwan Inna ya cika mini gida. Muna tsinkar zogale busasshe tare, tana ba ni labarin mutanen da ban sani ba, tana yi miki tsiya wai kin ƙwace mata suna kin kuma fi ta rowa.

Wata safiya bayan babanki ya fita na shiga ɗakinta da koko, na same ta tsaye tana ƙoƙarin naɗe shimfiɗa da sauri, gwiwa kuma ta hana. Ban tambaya ba, hanci ya riga ya gaya mini. Ta tsaya da zanen a hannu kamar yarinyar da aka kama, tsohuwar da ta haifi bakwai.

"Tun bara yake yi mini haka," ta ce. "Ba ya sallama. Sai dai in ji ɗumi."

Na karɓi zanen na ce, "Inna, sha kokonki kada ya huce."

"Kada mutumin nan ya ji."

"Wa zai gaya masa?"

Daga ranar wanki ya zama aikina na farko kullum. Da ya ja ƙofa sai in kwaso, in wanke da hannu a banɗaki, in shanya a tsakanin zannuwana yadda ko maƙwabta ba za su ƙirga ba. Ranar Juma'a da ba ya fita, sai mu ƙulle kayan a leda mu tura ƙarƙashin gado sai Asabar. In yana gida Inna ba ta shan ruwa, ga ciwon suga da ƙishirwa, leɓenta har tsagewa yake. Likita ya ba da magani, ya rage amma bai hana ba. Ban ɗauki wannan wahala ba, Ummi. Ina faɗa miki ne don ki gane abin da ke biye.

Da ƙaramar salla aka ba su hutu a kasuwa. Abokin babanki, Malam Iro, wanda yakan kai kaya garuruwan gabas, ya ce ya san wani wuri a bakin teku da ba kowa ke zuwa ba, masunta kaɗai, kifi kuma kamar kyauta. Suka shirya mu tafi gida biyu, da shi da matarsa Hajara. Inna ta ce a bar ta a gida. Babanki ya ce in gaya mata ba zai yiwu ta zo ƙasar nan ta koma ba ta ga teku ba, me za ta faɗa wa mutanen gari? Alheri yake nufi. Ta dube ni, na dube ta.

Tafiyar ta yi tsawo fiye da yadda Malam Iro ya faɗa. Muka bar Riyad da sassafe, muka yi ta cin hamada har kwalta ta ƙare, motar ta koma bin sawun tayoyi. Inna ta ƙi ruwa tun daga gida. Hajara kuwa, mace mai kirki amma bakinta ba ya zama, ta sa ta gaba da kwalbar nono.

"Haba Inna, azumi ya wuce. Ko sittu shawwal kika fara ba ki gaya mana ba? Sha mana, kada a ce mun kawo ki mun bar ki da ƙishi."

Ta sha, don ƙin sha ma abin tambaya ne.

Larabawa suna ce wa irin wurin ra'as, wato kai. Ƙasa ce take ta tsukewa har ta zama kamar harshe na dutse da ya miƙe cikin ruwa. Ban taɓa ganin wurin da Allah ya bari tsirara haka ba. Babu bishiya, babu ko sabarar da akuya za ta raɓa. Dutse ne fari mai kaifi kamar an yayyanka shi da wuƙa, iska tana bugawa ba tsayawa, tana ɗauke magana daga bakin mutum. Can gaba tsibirai ne warwatse, waɗansu shafe-shafe kamar faifai, waɗansu tsaye, iska da ruwa sun cinye gindinsu sun bar kai, kamar rumbunan da aka yi watsi da su. Baƙaƙen tsuntsaye masu dogon wuya sun rufe su, warin kashinsu da na gishiri yana isowa har inda muke. Ta hagu, ƙasa da tudu, akwai bukkokin masunta da jiragensu. Ta dama kuwa babu ruwa. Rairayi ne shimfiɗe, jiƙaƙƙe, yana ƙyalli, ya tafi har gindin wani tsibiri mai kamar rumbu wanda ya fi kusa da mu.

Muka yi shimfiɗa a inuwar mota. Maza suka gangara wajen masunta neman kifi, suka ce yanzu za su dawo. Ina zuba shayi na ji Inna ta damƙe mini hannu, damƙar da na sani. Na dubi tabarma. Ban tsaya tunani ba, na ture butar shayin da gwiwa ta malale a wurin.

"Kai Rakiya, hannunki ba ya riƙe abu," in ji Hajara, ta janye ƙafa, ta koma kan wayarta tana neman inda za ta sami layi.

Tabarma ta sami uzuri, amma Inna tana bukatar wanke jiki da sauya zane, ga Hajara a gefe, ga maza za su ɓullo kowane lokaci, kuma duk faɗin wurin babu inda mutum zai tsuguna ba a hango shi ba. Inna ce ta nuna da haɓa.

"Ga bayan dutsen can. Rairayi ne kamar na gulbinmu."

Na dubi sama, wallahi na duba. Garau take, ko gajimare babu. Na ɗauki jarkar ruwa da zane a leda, na ce wa Hajara za mu ɗan taka ƙafa saboda gwiwar Inna. Wayata na bar ta a mota tunda ba layi. Ke kuwa kika sa kuka sai kin bi mu, na kuma san in na bar ki babanki zai dawo ya ɗauko ki ya biyo sawunmu. Sai na goya ki.

Da tafiyar Inna mun daɗe kafin mu kai. Bayan dutsen akwai wani lungu da iska ba ta shiga. Na taimaka mata ta wanke jiki ta sauya, na wanke zanen a wani ɗan kududdufi, na shanya a kan dutse. Muka ce bari ya sha iska, don jiƙaƙƙen zane ma tambaya zai jawo. Wannan zaman shi ne ya ci mu, kuma shi ne zama mafi daɗi da na yi da Inna. Ta ɗaga jarkar ta sha ruwa har yana zuba a wuyanta, ta yi gyatsa, ta yi dariya.

"Yau na sha ruwa kamar mai 'yanci. Takwara, zo ki ga gidan dodon koɗi, na nan har ado suke yi."

Kina tsintar ɓawo kina tara mata a cinya. Ta ce in Allah ya mai da ita gida za ta gaya musu ta ga tekun da ake faɗa, ashe shi ma yana ƙafewa da rani kamar kowa. Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Ke ce kika zagaya gefen dutsen kika dawo da ƙafa ɗaya ba takalmi, kika ce da Larabcin da kika koya wajen 'ya'yan maƙwabta, "Mama, moya." Ruwa.

Na leƙa. Hanyar da muka biyo babu ita. Ba igiyar ruwa ce ta taso daga gaba ba, da na ji ƙararta. Ta baya ya zagayo, shiru, ya cika kwarin da ke tsakaninmu da tudu, yana gudu gefe guda kamar gulbi a tsakiyar damina, takalminki yana yawo a kansa. Inna ta rarrafo ta duba. Abin da ta fara yi shi ne ta ɗaga kai ta dubi gabas.

"Ba hadari," ta ce. "To daga ina?"

A makarantar sakandare malamin labarin ƙasa ya taɓa zana mana wata da teku a allo, ya ce ɗaya yana jan ɗaya. Na haddace, na ci jarrabawa, ban taɓa zaton magana ce da ta shafi ƙafata ba. Ko a wannan lokacin ma bai zo mini ba. Abin da na sani kawai ruwa yana hawa, ya riga ya taɓa lungun da muka zauna, ya ɗauke zanen da na shanya, kuma a sanina ruwan da ya fara hawa ba ya tsayawa sai ya rufe abin da ya samu. Na yi ta ihu ina kaɗa mayafi. Iska ta mayar mini da muryata. Daga nesa ina hango motar, ƙarama kamar akwatin ashana, babu mai motsi kusa da ita.

"Ɗauki yarinyar ki tafi tun yana gwiwa," in ji Inna.

"Ki kama kafaɗata mu tafi tare."

"Da wace ƙafa? A busasshe ma da ƙyar na zo. In na faɗi zan ja ki, ke kuma ki ja ta."

"Ba zan bar ki ba, Inna."

"Ba roƙonki nake ba, Rakiya. Ni na ci nawa. Kada ki goya ta a baya, ɗora ta a wuya, ki ɗaure ƙafafunta da zane." Da hannunta ta ƙulle kullin a ƙirjina. Sannan ta riƙe ni ta ce, "Amana. Ko mi ya faru, kada mutumin nan ya ji abin da ya kawo mu nan."

Na ce to. Mutum yana cewa to a irin wannan wuri ba tare da ya auna ba.

Ba zan iya ba ki labarin ƙetarewar a jere ba, gutsattsari nake tunawa. Ruwan ya wuce gwiwa tun ban yi nisa ba. Ƙasa ba rairayi ba ce duka, akwai duwatsu masu kaifi da ban lura da su ba da muna zuwa, silifas ɗina suka tafi. A tsakiya ya kai mini ƙirji, yana tura ni gefe kamar hannun mutum. Abayata ta yi nauyi tana naɗe mini ƙafa. Kin kama gashina da hannu biyu, ba ki yi kuka ba, wannan shirun naki ya fi komai ba ni tsoro. Sau ɗaya ƙafata ta rasa ƙasa, gishiri ya shiga mini hanci, na ji kin yi tari a kaina. Ban san addu'ar da na yi ba. Ban waiwaya ba ko sau ɗaya, domin na san in na ga Inna zan tsaya.

Da na fito da rarrafe, babanki ne tsaye a kan tudu da kifi a hannu. Ya saki kifin ya gangaro, ya kwance ki daga wuyana, ya duba ki ciki da baya. Sannan ya dubi bayana.

"Ina Inna?"

Na nuna da hannu.

Bai iya ruwa ba, amma da ya faɗa ciki. Malam Iro ne ya riƙe shi, suka ruga wajen masunta, wani tsoho ya tayar da jirginsa ya zagaya da su. Sun same ta can saman dutsen, ta hau da gwiwa da tafin hannu, duk sun yayyage, tana zaune a cikin kashin tsuntsaye tana jan carbi da yatsu. Da aka sauke ta, tsohon masuncin ya dube ni, ya dubi ƙafafuna da ke zubar da jini, ya yi magana yana girgiza kai. Malam Iro ya fassara, da ma bai fassara ba. Wai kullum haka ruwan yake yi, ya tafi ya dawo, kuma bai taɓa rufe saman dutsen nan ba tun kakanninsa. Wai da mun hau sama mun zauna, babu abin da zai same mu, zuwa can zai janye. Wai wurin da na ratsa da yarinya shi ne wurin da ke kashe mutane.

Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma na ga maganar ta shiga babanki ta zauna.

Muka kama hanyar dawowa. Sai da muka kwana biyu a gida babanki ya tambaye ni, a tsaye, bai ko zauna ba.

"Me ya kai ku?"

"Mun je kallo ne."

"Kallo. Da tsohuwa mai ciwon gwiwa, da yarinya."

"E."

"Ita ta ce ku je, ko ke?"

Inna tana ɗakinta, ƙofa a buɗe, na san tana ji. Na jira. Babu abin da ya fito daga ɗakin sai ƙarar fanka.

"Ni ce," na ce.

Hajara ba ta yi ƙarya da gangan ba, abin da ta gani ta faɗa, sauran kuma bakuna suka cika. Kafin mako ya zagayo, a gidan suna da wajen mai kanti an san cewa matar Salisu ta ja uwar mijinta cikin teku don ta ɗauki hoto, da ruwa ya zo ta gudu ta bar ta. Ni kuma jikina ya ƙi taimakona. In famfo yana cika bokiti sai in ji numfashina ya tsaya. Na kasa yi miki wanka a baho, sai dai in goge ki da tsumma. Na zama mai firgita, ina sakin kwano, ina mance tukunya a wuta. Babanki yana gani yana tarawa. Ba ya faɗa, ba ya zagi, da ma ya yi. Wata rana ya ce ya yanke shawara: zan koma Jibiya in huta har hankalina ya dawo, ke kuma za ki bi Inna ƙauye idan ziyararta ta ƙare, ƙanwarsa ta riƙe ki. Ya ce ba saki ba ne. Ya ce shi dai ba zai iya fita aiki ya bar 'yarsa a hannun da bai amince da shi ba.

Kalma kaɗan ce za ta wanke ni, kuma tana bakina kullum. Ba zan ce miki ban yi fushi da Inna ba. Ina durƙushe ina wanke zannuwanta da ƙafafun da ba su gama warkewa ba, ina cewa a raina, saboda wannan tsumman za a ɗauke mini 'ya. Wata safiya na kai mata koko na kasa daurewa.

"Inna, za a raba ni da ita."

"Na ji."

"Asabar zai je a buga mini takardar fita."

Ta juya fuska ga bango. Na tsaya har kokon ya yi fata. Na fita na ce shi ke nan, kunyarta ta fi mata ni.

Ranar Juma'a da hantsi babanki yana zaune a tabarma yana shan shayi, kina kan cinyarsa, ni ina ninke kayana a jaka. Sai na ji jan ƙafa. Inna ce ta fito, hannu ɗaya dafe da bango, ɗayan yana jan ledar nan ta ƙarƙashin gado. Ta jawo ta har gabansa, ta kwance bakin, ta bar ta a buɗe. Warin ya cika ɗakin. Ta tsaya a kansa, ta dube shi ido cikin ido.

"Salisu."

Ya waiga wajen ƙofa, yana neman baƙon da ya kira shi. Shekara talatin da wani abu bai taɓa jin sunan nan a wannan muryar ba.

"Da kai nake. Dubi nan. Uwarka ba ta riƙe fitsari, tun bara. Kullum in ka fita, yarinyar nan ke wankewa da hannunta, ta ɓoye a cikin nata. Rannan a gaban matar abokinka ya zubo mini, ita ta rufa mini asiri. Ni na ce mu je bayan dutse. Ni na ɗaura mata ɗiyar a wuya na ce ta tafi. Ni na ce kada ta faɗa." Ta sake dafa bango. "To ka ji. In akwai wadda za a kora, ga ta tsaye."

Ya sauke ki a hankali. Ya miƙa hannu zai ɗauki ledar, ban san me zai yi da ita ba, ina jin shi ma bai sani ba.

"A'a," ta ce. "Gani na ce ka yi."

Ta ƙulle bakin ledar ta miƙo mini, ta koma ɗakinta da dafa bango, ta rufe ƙofa. Babanki ya daɗe zaune, shayin ya huce a gabansa. Da lokacin masallaci ya yi ya tashi, ya tsaya kusa da jakata, ya ce in mayar da kayan cikin kwaba kada su yi ƙura. Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ba a sake tayar da maganar tafiyata ba.

Kada ki ɗauka a nan komai ya koma daidai. Daga ranar Inna ba ta ƙara yarda sun haɗa ido ba. In ta ji motsin makullinsa sai ta shige, ko a bayan ƙofa ba ta aiko ni da saƙon goro. Abin da ta kashe a gabansa ba ya sayuwa. Tun ziyararta ba ta ƙare ba ta ce a mai da ita gida, muka yi roƙon duniya ta ƙi. Babanki ya sayo mini injin wanki, irin ban haƙurinsa ke nan, ni kuwa in ya fara jan ruwa sai in fita baranda in toshe kunne har ya gama. A Manfuha har yau labarin Hajara ne yake yawo, domin ni da babanki babu mai iya gyara shi ba tare da ya tona abin da ke cikin ledar ba. Ina gaisawa da mata ina ganin abin a idonsu. Na gaji da shi, amma na saba ɗauka. Game da ƙetarewar kuwa, masuncin ya yi gaskiya, ni ma ban yi ƙarya ba: da abin da na sani na yi aiki, kuma wani lokaci cikin salla nakan ji ƙafata ta rasa ƙasa.

Ranar da za ta tafi, tana ɗaura ɗankwali, ta ce mini, "In takwara ta yi wayo ki gaya mata duka. Ita kaɗai. Kada ta tashi tana jin an ce uwarta ta gudu." Da izininta nake rubutawa, ke ma amana ce a hannunki.

Yanzu takan sa jikanta ya turo mana murya ta waya. Ta ce gulbi ya ƙafe, yara suna ƙwallo a ciki, ita dai ta daina ratsawa, ta gada take bi ko da za ta yi zagaye, mutane suna mata dariya. Ta tambayi ƙafata, ta tambayi ko kin daina rowa. A ƙarshe sai ta ce, "Ki gai da mutumin nan."

Ta koma yadda take. Sau ɗaya tak ta faɗi sunansa tun da ta haife shi, kuma a kanmu ta kashe shi, ni da ke.